Maɓalli Ɗaya Daga Kiel

Ba don kayan soja na je Jamus ba. Matar ƙanena ce ta haihu a Hambog, inda ya shekara shida yana aiki a tashar jiragen ruwa. Hajiya mahaifiyarmu ta ce tunda ƙafa ta hana ta tafiya, ni in je in ga jaririn da idona in kawo mata labari. A watan Satumba na sauka. Su suna ta cewa ai sanyi bai fara ba, ni kuwa tun daga filin jirgi nake kakkarwa.

Ranar Juma'ar farko na ci ado da babbar riga za mu masallaci, sai muka yi kiciɓis a matakala da wani dattijo Bajamushe da ke zaune a hawan ƙasa. Ya tsaya ya ƙura wa rigar ido, ya yi wata magana. Ƙanena ya ce, "Yaya, wai ko za ka bari ya taɓa." Na ce bismilla. Mutumin nan ko kallon aska takwas ɗin da ke gaba bai yi ba. Bakin aljihu ya kama, ya juya shi, ya kai ido kusa yana duban bayan aikin. Gabana ya faɗi, don rabona da ganin wani ya yi haka tun rasuwar mahaifinmu. Mai ɗinkin hannu ne a Zariya, Allah ya jiƙansa, kuma duk rigar da aka kawo masa kifa ta yake fara yi. Yakan ce gaban riga na mai ita ne, bayanta na maɗinki.

Bayan la'asar dattijon ya gayyace mu ɗakinsa. Tun daga nan na riƙa ce masa Baba, ƙanena ya fassara masa, ya yi dariya ya amsa.

Warin kafur ne ya fara yi mana maraba. Labule a sake, fitila mara ƙarfi, don rana tana cin launin ulu, asu kuma yana cin ulun kansa, kuma da su biyun nan yake yaƙi kullum. Gumakan tela uku marasa kai na tsaye jikin bango, kowanne sanye da doguwar kwat ta hafsan sojan ruwa, shuɗiya mai duhu kamar an fito da ita daga marina an mayar sau bakwai. Baba gyaran injin jirgi ya yi har ya yi ritaya, kuma ya fi shekara 40 yana tara waɗannan kaya. Ba kowane kaki yake saye ba, sai na ranar biki: kwat, da hula mai baki biyu kamar kifaffen kwalekwale, da ɗamarar azurfa, da wuƙar ado, da faifan kafaɗa masu gezar zinariya.

Riga ta farko ta zamanin Kaisa Wilhelm na Biyu ce, sarkin Jamus da ya hau mulki a 1888. Mutum ne da son kayan sarki ya shiga jininsa. A 1889 kakarsa Sarauniya Biktoriya ta ba shi muƙamin admiral na girmamawa a rundunar ruwan Ingila, ya kuwa ɗauki abin da gaske, ya dawo gida yana son nasa jiragen su kamo na dangin uwarsa. Admiral Tirpitz, mai kula masa da harkokin sojan ruwa, mai gemu mai reshe biyu, shi ya gina masa su. A rundunar nan ba a ba hafsa riga daga sito. Da kuɗinsa, ko na ubansa, yake zuwa wurin tela a gwada shi. Shi ya sa Baba ya kama hannuna ya cusa a aljihun ciki. Can na taɓo wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka, mai ɗauke da sunan shagon telan da garinsa, a ƙasa kuma an rubuta sunan mai rigar da kwanan wata da tawada. Ya ce duk wanda ya san harkar nan, nan yake fara kai hannu kafin ya tambayi kuɗi.

Aikin zinariyar ne ya tsayar da ni. Daga nesa na ɗauka zare ne. Da ya miƙo mini madubin ƙara girma sai na ga ashe waya ce, siririya fiye da gashi, an nannaɗe ta ta zama ɗan bututu, an yayyanka gajeru-gajeru, maɗinki ya riƙa zura allura ta cikinsu kamar mai shirya duwatsun wuya, yana kwantar da su ɗaya kusa da ɗaya a kan shimfiɗar da ta ɗago su. Ta yi duhu a lunguna, ta bar haske a wuraren da hannu da goga suka saba bi. Na juya kalmasar hannun rigar na duba shafi. Ɗinkin hannu ne, tazarar allura daidai wa daida, amma ba irin daidaiton keke ba, akwai numfashin mutum a ciki. Na ce wa ƙanena ya faɗa masa mai wannan aikin ba yaro ba ne. Baba ya buga cinya, ya ce abin da yake ta gaya wa abokansa ke nan.

Sai ya nuna mini wani guntun baƙin karan-miski da ke cikin akwatin gilashi, fuskarsa ta canza. A rundunar Kaisa, hafsoshin da ke jan ragamar jirgi suna da kambi a saman zobban zinariyar hannunsu. Injiniyoyi kuwa da baƙin karan-miski ake gane su, kuma duk iliminsu ba a ɗauke su tsaran waɗancan ba. Shi da ya ƙare rayuwarsa cikin man inji, har yau abin yana ci masa rai kamar shi aka yi wa. In haka aka yi wa injiniya, ina ga mai zuba gawayi a tukunya? Ya ce kada in yi mamakin abin da ya faru a 1918, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Manya suka shirya fita yaƙin ƙarshe da Ingila bayan kowa ya san an riga an sha kashi, ƙananan sojoji suka ƙi a tashar jiragen yaƙi ta Wilhelmshaven a ƙarshen Oktoba, wutar ta kama tashar Kiel a farkon Nuwamba, ranar 9 ga watan aka sanar Kaisa ya sauka. A kwanakin nan a kan titi ake tare hafsa a fizge masa alamun kafaɗa. Wato abin da Baba ke sa safar hannu kafin ya ɗauka, an taɓa tattaka irinsa a cikin taɓo.

Ya ajiye maɓallai biyu a tafin hannuna. Dukansu anka ce, ƙugiyar da ke tsayar da jirgi, igiya ta nannaɗe ta. Ɗaya da kambi a sama, ɗaya babu. Kambin ya tafi da Kaisa. Wuƙar adon ta ma fi maɓalli iya ba da labari. Kan ƙotarta murɗawa ake yi ya fita. A zamanin Kaisa kambi ne. A zamanin jamhuriya, lokacin da ake kiran rundunar Reichsmarine, ya koma wani dunƙule mai kamar harshen wuta. A 1935 aka sake mata suna Kriegsmarine, a 1938 kuma aka zo da gaggafa mai riƙe da tambarin 'yan Nazi. Hafsoshi da yawa ba su sayi sabuwar wuƙa ba, kan kawai suka kwance suka ɗaura sabo. Ruwan wuƙar na nan yadda maƙeran garin Solingen suka ƙera shi, har da ɗan kuregen da kamfanin Eickhorn ke bugawa a gindi. Na daɗe ina juya wuƙar nan a hannu. Gwamnati uku ta yi wa aiki, kuma duk sauyin bai wuce murɗa huɗu ko biyar ba.

Riga ta uku ta fi sauran kyau nesa ba kusa ba, kamar jiya aka karɓo ta daga tela. Na miƙa hannu, ya tare ni a hankali. Ya ce wannan sai mun dawo daga Kiel.

Ranar Asabar muka shiga gidan tarihin harkokin teku na Hambog, a wani tsohon sito na jan bulo da ke bakin ruwa. An buɗe shi a 2008, kuma kusan duk abin da ke ciki tarin mutum ɗaya ne, Peter Tamm, wanda ya taɓa shugabantar kamfanin jaridu na Axel Springer. Da ɗan ƙaramin jirgin wasa da mahaifiyarsa ta ba shi yana yaro ya fara. Hawa tara muka bi har ƙafata ta gaji. Riguna da lambobi suna nan jingim, amma a bayan gilashi, ba halin juya aljihu, don haka ban ƙaru da su kamar yadda na ƙaru a ɗakin Baba ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a hanyar dawowa na gan shi. Baba ya ratsa da mu ta wani gini da ake kira Afrikahaus, na kamfanin Woermann, da gunkin baƙin mutum riƙe da mashi a ƙofa. 'Yan kasuwar gidan nan na cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta kama Kamaru, kuma jirgin yaƙi mai suna Möwe ne ya kai wakilin gwamnatin Jamus, Gustav Nachtigal, Togo da Duwala ta Kamaru a watan Yulin 1884 ya kafa tuta. Daga baya har Hausawa Jamusawa suka ɗauka aikin ɗan sanda da soja a ƙasashen biyu. Sai na tuna cewa ranar da aka ɗaga tutar nan, masu irin maɓallin da na riƙe jiya suna tsaye a wurin sun ƙame. Tun daga nan rigunan suka daina zame mini kayan kallo kawai.

Lahadi ita ce ranar kasuwa. Mun yi tafiyar kamar awa guda a motar Baba zuwa wani ƙaramin gari, inda masu tara kayan soja suka cika wani zauren wasanni da tebura. In ka cire sanyi da shirun mutane, kasuwar 'yan gwanjo ce sak: dillalai, taya, albarka, da mai jan abokinsa gefe ya raɗa masa. Abu na farko da ido zai gani shi ne ƙananan takardu masu manne, zagayayyu, ja ko fari, an lilliƙa a kan lambobi da huluna. Tambarin Nazi ake rufewa, don sashe na 86a na dokar laifuffukan Jamus ya hana baje shi a bainar jama'a, sai don koyarwa ko bincike da makamantansu. Kowa ya san abin da ke ƙarƙashin takardar. A wani tebur kuma na ga lambobin Yaƙin Duniya na Biyu da babu tambarin tun daga maƙera. Baba ya ce waɗannan na dokar 1957 ne, wadda ta yarda tsofaffin sojoji su saka lambobinsu idan an sake ƙera su ba tare da shi ba.

Ni kaɗai ne baƙar fata a zauren in ban da ƙanena. Yawancin mutanen tsofaffi ne masu tabarau, waɗanda za su yi awa suna musu a kan ƙugiyar fil. Amma ba zan yi ƙarya in ce duk haka suke ba. Na ga biyu ko uku da ba ɗinki ya kawo su ba, abin da ke ƙarƙashin takardar ya kawo su, kuma kallon da ɗaya ya yi mini bai buƙaci tafinta ba. Baba ma ya gani. Ya sa kafaɗarsa tsakanina da mutumin, muka wuce, bai ce uffan ba.

Na koyi abubuwa a tsaye. Kusan kowa da 'yar tocila mai shuɗin haske a aljihu: in aka haska farin ƙyalle ko zare ya ɗauki ƙyalli, akwai alamar na bayan yaƙi ne, don sinadarin ƙara fari ya shige shi. Lambobin farkon yaƙi da tagulla aka buga su, ruwan zinariya ya kama su da kyau. Da ƙarfe ya yi wuya aka koma tutiya, wadda ke shanye ruwan zinariyar ta bar lamba toka-toka. Ƙyallen da ke zagaye hular ƙananan sojoji da sunan jirginsu yake zuwa, amma da yaƙi ya ɓarke a 1939 aka koma rubuta Kriegsmarine kawai, kada ɗan leƙen asiri ya karanta a kan mutum wane jirgi ne ya shigo tasha. A rigar hafsa kuma ana ɗaga gaggafar ƙirjin dama a duba ƙarƙashinta. Bayan 1945 waɗanda suka tsira sun farke gaggafar sun ci gaba da saka rigar don babu wata, daga baya 'yan kasuwa suka riƙa mayar da wata gaggafar don kuɗi ya ƙaru. Tsofaffin hujin allura ba sa ɓuya ga mai ido.

To, a nan ne na ga kamar ni ma na zama gwani. Baba ya tsaya gaisawa da wani, ni kuwa na hango lambar jirgin ƙarƙashin teku ta 1918, mai kambi a sama, ba ruwanta da Nazi. A baya har da sunan Walter Schott, mai sassaƙan da ya zana ta. Mai teburin ya faɗi kuɗi, na taya da yatsu, ya sallama a yuro 60 da saurin da ya kamata ya farkar da ni. Ƙanena ya ce, "Yaya, da ka bari Baba ya gani." Na ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

A mota na fito da ita ina taƙama. Baba ya karɓa, bai ko kunna tocila ba. Ya bi gefenta da farce, ya nuna mini wani siririn layi da ya zagaye ta, da ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a bayan. Ta asali bugawa ake yi da ƙarfi, gefenta ya fito tas. Wannan zuba ta aka yi a cikin kwamin da aka ɗauka daga jikin wata, shi ya sa ganyen da ke kewaye ya narke kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Ya ce masu jabu ma sun iya rubuta sunan Schott. Araha ba ta ado. Ɗan maɗinki, wanda aka raina da duban baya, ya tsaya karanta suna bai duba gefe ba. Baba bai yi mini dariya ba. Da muka isa gida ya jawo wata tsohuwar gwangwanin biskit cike da irinta, duk waɗanda shi ma aka yi masa a shekarunsa na farko. Na jefa tawa a ciki.

Talata muka hau jirgin ƙasa zuwa Kiel, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, daga bakin tasha kuma muka shiga jirgin fito da ke bin gaɓar ruwan yana tsayawa ƙauye-ƙauye. Iska na yanka kunne, amma na ƙi shiga ciki. Muka wuce bakin mashigin da aka haƙa aka buɗe a 1895 don jiragen Kaisa su riƙa ratsawa tsakanin tekun Baltik da Tekun Arewa. A Laboe hasumiyar tunawa da sojojin ruwa ta tsaya kamar goshin jirgi, mita 72. An aza harsashinta a 1927, aka buɗe ta a 1936 Hitila na wurin, yanzu kuma an mayar da ita ta tunawa da duk wanda teku ta ci, ko daga wace ƙasa. A wani zaure an zana inuwar jiragen da suka nutse a yaƙoƙin duniya biyu, sun cika bango.

A kan rairayin da ke gabanta jirgin ƙarƙashin teku U-995 ke kwance tun 1972. Bayan yaƙi sojan ruwan Nowe ne suka yi aiki da shi kafin su mayar wa Jamus. Muka shiga ta baya muka fita ta gaba, a sunkuye. Tsawonsa mita 67 ne, amma wurin mutum a ciki bai wuce lungu ba, duk bututu ne da ƙafafun murɗawa, gadaje a tsakanin rokokin ruwa, kuma kusan mutum 50 ke kwana a nan makonni. Na buga kai sau biyu. Na duba ko'ina ban ga inda za a rataye doguwar kwat mai gezar zinariya ba. Na faɗa wa Baba haka da wasa. Ya ce ai shi ya sa ya kawo ni.

A dawowa muka sauka a Möltenort. Can akwai wani wurin tunawa na daban, na mutanen jiragen ƙarƙashin teku kaɗai: ginshiƙi da gaggafa a sama, sai wata hanya mai lanƙwasa da ta nutsa ƙasa, bangonta duk allunan tagulla. An jera sunaye jirgi-jirgi. A Yaƙin Duniya na Biyu, cikin kimanin mutum 40,000 da suka shiga waɗannan jirage, kusan 30,000 ba su dawo ba. Su ma kuma ba ziyara suka fita ba, dubban ma'aikatan jiragen kasuwa suka aika ƙasan teku, waɗanda sunayensu ba sa bangon nan. Baba bai yi ta dube-dube ba. Kai tsaye ya tafi wani allo, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ya ce in karanta in riƙe.

Da daddare ya kwance maɓallan riga ta uku, ya ce yanzu in sa hannu. Sunan da ke ƙyallen aljihu shi ne na allon, kwanan watan kuma na 1938. Na juya wuyan, babu tabon gumi. Na duba gwiwar hannu, ulu bai yi sheƙi ba. Bakin aljihu bai saki ba, ramukan maɓalli ma ba su buɗe ba. Gaggafar ƙirji ɗinkinta na farko ne, ba wanda ya taɓa farke ta, don babu wanda ya dawo ya buƙaci rigar fita. A cikin kabad ɗin wata tsohuwa ta yi shekaru, sai da ta rasu magada suka fitar. Baba ya ce a kasuwa irin wannan ita ta fi tsada, kowa mara tabo yake nema. Shi kuwa in ya ga riga ta cika tsabta, abu biyu ke zuwa masa: ko jabu ce, ko kuwa akwai allon da zai je ya duba. Na tambaye shi ko wane irin mutum ne mai rigar. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce faɗin ƙirjinsa ya sani, da tsawon hannunsa, da cewa kafaɗarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, don tela ya ƙara mata auduga.

Ranar da zan taho ya hau bene da kansa, yana haki, ya danƙa mini maɓallin nan mai kambi a cikin ambulan. Ni kuma na ba shi hular zanna da na zo da ita. Kafin ya ce na gode ya riga ya juya ta.

Da na iso gida Hajiya ta sa na ba ta labarin jaririn sau uku, da kamanninsa, da wanda ya ɗebo. Sai a ƙarshe na nuna mata maɓallin. Ta tambaya ko zinariya ce, na ce tagulla ce aka yi wa ruwa. Ta shinshina, ta ce warin adakar mahaifinku yake yi. Ta buɗe gwangwanin da allurai da zarensa ke ciki har yau, ta jefa shi, ta rufe.